Injin tatsar shanu mai bokiti ɗaya: abinda na gani bayan wata 9 muna aiki dashi

Wata 9 kenan da muka kawo injin tatsa gida, irin ƙaramin nan mai taya biyu da bokiti ɗaya da ake turawa kamar baro, kuma tun daga lokacin mutane ke ta tambayata wai ya yake, yana aiki kuwa, baya ɓata hantsar saniya? To yau na samu sarari bari in faɗi abinda na gani da idona. Shanunmu na tatsa 7 ne, ba wata babbar gona bace, ni da Inna da ƙanina da maiɗakina muke yin komai safe da yamma, madarar safe mu kai wurin masu tara madara ta yamma kuma akwai gidajen da ke karɓa kullum.

Abinda yasa muka saya ba wai son zamani bane, hannun Inna ne. Shekara da shekaru tana tatsa, yanzu yatsunta sun fara riƙewa, da asuba musamman in akwai sanyi sai kaga ta tsaya tana murza hannu kafin ta iya kama kan nono, kuma ba zata taɓa cewa ta gaji ba. Ranar da na ganta tana tatsa da hannu ɗaya ɗayan ta ɓoye shi a cikin zani ranar na yanke shawara. Nace Inna zan kawo inji, tace kai ɗan nan ƙarfe ne zai san saniya? Nace a dai gwada.

Bari in fara da yadda yake don wanda bai taɓa gani ba. Akwai moto na lantarki, namu wat 550 ne, shi ke juya famfon da ke zuƙe iska, sai bokitin silba mara tsatsa mai cin lita 25 da murfi mai roba a baki, sai kofuna 4 da ake saƙalawa a kan nonon saniya, kowane kofi ƙarfe ne a waje roba mai laushi a ciki, duk huɗun suna haɗuwa a wani ɗan ƙoƙo daga nan dogon tiyo ya kai madara bokiti. A saman murfin akwai wani ɗan akwati mai bugawa tik-tak tik-tak, mu a gida zuciya muke ce masa, kuma gaskiya shine ran injin gaba ɗaya. Yana bugawa kusan sau 60 a minti, duk bugu ɗaya robar nan ta buɗe madara ta fito sannan ta matse kan nonon ya huta jini ya koma, kusan kashi 60 tatsa kashi 40 hutu. Injinan farko da aka ƙera tun ƙarni na 19 basu da wannan, zuƙa kawai suke ba tsayawa har kan nono ya kumbura ya yi jini, sai wajen 1895 aka fito da mai bugun a ƙasar Sikotland. Na faɗi wannan ne don ku gane in zuciyar nan ta samu matsala to ba ƙaramin abu bane, kar a ce ai madara na fita a ci gaba. Akwai kuma geji mai allura da ke nuna ƙarfin zuƙar iska, littafin da ya zo da injin yace allurar ta tsaya tsakanin 45 da 50 kPa, in ta wuce haka ana cutar da saniya in ta yi ƙasa kofunan su riƙa zamewa suna faɗuwa cikin ƙazanta.

Satin farko wahala muka sha, ba zan ɓoye ba. Ƙarar moton kaɗai ta isa, shanu suka miƙe kunne, ɗaya ta yi shuri ta watsar da kofunan, wata kuma ta tsaya cak bata motsa ba amma ta riƙe nononta, inji na ta bugawa ba ko ɗigo. Inna na gefe tana kallo tace ai na faɗa maka. Likitan dabbobin da ke duba mana garke shi ya warware min abin, yace saniya bata sakin nono sai jikinta ya saki wani sinadari da ake kira oksitosin, shi kuma yana zuwa ne in an shafa hantsa ko maraƙi ya tsotsa, yana ɗaukar kamar minti 1 zuwa 1 da rabi kafin ya fara aiki kuma ƙarfinsa baya wuce minti 5 zuwa 8, in ta tsorata kuwa tsoron na toshe shi gaba ɗaya. Wato ni ina zuwa in kunna inji a kunnenta in maƙala mata ƙarfe mai sanyi ba ko sallama. Sai muka canza, muka ja moton can nesa iya tsawon tiyon iska, muka riƙa kunna shi lokacin da suke cin abinci ba tare da an tatsa ba har suka saba da ƙarar, Inna kuma ita ke fara zuwa ta wanke hantsa da ruwan ɗumi ta goge da tsumma mai tsabta ta ɗan tatso sau biyu uku daga kowane kai tana yi mata magana yadda ta saba, sannan ni in saka kofuna. Cikin kwana 10 biyar sun karɓa. Biyun da suka rage masu tozo ne, su dama ko da hannu basa saki sai maraƙinsu na kusa, to haka muke yi har yau, a kawo maraƙi ya ɗan tsotsa a ɗaure shi a gabanta tana lasarsa sannan inji ya yi aikinsa. Wanda ya sayar mana bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba, cewa yayi kawai ka jona ka maƙala shikenan.

Da suka saba, tatsar kanta ba laifi wallahi. Saniya ɗaya minti 5 zuwa 7 an gama, madara ta tafi kai tsaye cikin rufaffen bokiti ba ƙuda ba gashi ba ƙura, ba kuma fargabar ta sa ƙafa a bokiti a yi asarar duka. In ka tace ta a ƙyalle zaka ga bambanci da ta hannu ƙarara, ƙyallen fari yake fita. Wannan kam na yaba.

Amma ga inda nake so duk mai niyyar saya ya buɗe kunne da kyau, wanki. Ni da na ɗauka zan samu lokaci, ashe lokacin da na rage a gindin saniya a wurin wanki zan biya shi. Da hannu kana gamawa bokiti ɗaya da ƙyalle zaka wanke ka tafi harkarka, da inji kuwa duk inda madara ta bi sai an wanke, roba 4, ƙananan tiyo 4, ƙoƙon mahaɗa, dogon tiyo, murfi da robarsa, bokiti, sau biyu a rana kullum ba hutu, kuma nan take ba wai sai an karya kumallo ba don madara in ta bushe a cikin tiyo ta zama wani abu daban.

Mu bamu san haka ba sai da muka ji a jikinmu. A sati na uku na kai madarar safe wurin masu tarawa, dama kullum sukan saka ma'aunin nan mai yawo a cikin madara don su ga ko an ƙara ruwa, madarar kirki tana nuna wajen 1.028 zuwa 1.032, tamu bata taɓa faɗuwa wannan gwajin ba. Sai kuma gwaji na biyu da suke ɗiban madara kaɗan su haɗa da sinadarin alkohol daidai wa daida, in lafiya lau take ta zauna yadda take in ta fara tsami ta tsinke. Ranar tamu ta tsinke a gabana, gudaji-gudaji a jikin kofin gwajin. Ma'aikacin yace Malam yau kam sai haƙuri ba zamu zuba wannan a tanki ba zata ɓata ta kowa. Ban yi musu ba don da idona na gani, amma na dawo gida raina a ɓace, madarar shanu 7 ta safiya guda, kuma ban taɓa dawowa da madara ba tunda muke kaiwa. Ƙanina ne ya kwance ƙoƙon mahaɗar ya leƙa dogon tiyon a hasken rana, sai ga wani abu rawaya-rawaya mai santsi ya kwanta a ciki yana wari, mu kuma kullum muna ɗauraye shi da ruwa muna ganin ya fita. Kenan sati uku muna bi da sabuwar madara ta cikin wannan.

Kuskurenmu biyu ne. Na farko tafasasshen ruwa muke fara zubawa muna ganin shine tsabta, ashe zafin dafa furotin ɗin madarar yake ya manne a jikin roba kamar yadda ƙwai ke kamawa a kasko, ruwan sanyi kuma daskarar da maiƙon yake. Na biyu sabulun wanke-wanke na gida muke sawa, shi kuma baya cire wannan farin dutsen da madara ke bari. Yadda ake yi, ɗauraya ta farko da ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar ɗumin jiki, wajen digiri 40, a bari inji ya zuƙe shi ta kofunan har ya fita garau, sannan ruwan zafi sosai wajen digiri 70 da sabulun da aka yi musamman don kayan madara a zagaya shi na wasu mintuna kar a bari ya huce, a bi da buroshi, a ɗauraye, sannan lokaci-lokaci a bi da mai asid wanda ke narkar da dutsen, a ƙarshe a rataye komai baki ƙasa ya tsane inda iska ke shiga. Minti 25 zuwa 30 yake cin mu duk tatsa. Tun da muka koma haka ba a sake dawo mana da madara ba ko sau ɗaya. Abin da ya ƙona min rai shine a cikin kwalin ba dogon buroshin tiyo, ba sabulun, littafin kuma shafi nawa ne duk akan haɗa ƙarafa, maganar wanki layi biyu kacal, alhali ita ce rabin aikin.

Sai maganar roba. Robar cikin kofi ba ta har abada bace, ƙa'ida a canza ta bayan tatsa 2,500 ko wata 6 duk wanda ya riga zuwa. Ku lissafa namu, shanu 7 sau 2 a rana tatsa 14 kenan, cikin kwana 180 mun kai. Ido baya ganin lalacewarta da wuri, tana yin ƙananan tsagu a ciki inda ƙwayoyin cuta ke ɓuya kuma tana saki ta daina matsa kan nono yadda ya kamata. Da lokacin canji yayi na koma wurin wanda ya sayar mana yace babu sai an yi oda, sati 5 ina jira, a ƙarshe wani wuri daban na samo wadda ta shiga. Don Allah duk wanda zai saya ya tambayi kayan gyara kafin ya biya, roba saiti biyu, bel, man famfo, robar murfi da ƴan kayan cikin zuciyar nan, in mai kaya ya fara kame-kame ka nemi wani.

Tambayar da aka fi yi min ita ce ko yana kawo ciwon hantsa. Amsata, yana iya kawowa in aka yi sakaci, kuma hanyoyin a bayyane suke. Kofin da ya fita daga saniya mai ciwo shi zai shiga ta gaba, ka ga ya ɗauka ya kai mata. In madara ta ƙare aka bar inji na ta zuƙar banza bakin kan nonon yana yin kanta, wani zobe mai tauri ya fito, ƙofar ta daina rufuwa da kyau. In kuma ka fizge kofuna ba ka rufe iska ba shima rauni ne, akwai ɗan maɓalli a ƙoƙon mahaɗa sai ka rufe ka jira daƙiƙa biyu su saki da kansu. Mu yanzu tsarinmu ƙananan shanu masu lafiya su ake fara tatsa, wadda ake zargi ita ce ƙarshe ko ma a tatse ta da hannu a bokiti daban. Tatsar farko da Inna ke yi a baƙin kofi take yi don in akwai gudaji ko ruwa-ruwa a gani, sannan duk sati biyu muna yin gwajin Kalifoniya, wani faranti ne mai rami 4 kowane kan nono da raminsa, a zuba ruwan gwajin a juya, in ya yi yauƙi to akwai ciwo a ɓoye ko da hantsar bata kumbura ba. Ana gama tatsa mu tsoma kowane kai a ruwan aidin mu zuba musu abinci nan take don su tsaya a tsaye, saboda ƙofar nonon tana zama a buɗe kamar rabin awa ko fiye, in ta kwanta a kashi a lokacin an gama. A wata 9 sau ɗaya muka samu ciwon, likita ya bata magani, madararta muka riƙa zubarwa har kwanakin da aka rubuta a jikin maganin suka cika. Zubar da madara da ciwo, amma madara mai magani a ciki yara ne zasu sha, ni bazan iya ba.

Wani abu da inji baya yi maka shine sanyaya madara, kuma mutane na mantawa. Tana fitowa da ɗumin jikin saniya wajen digiri 37, a wannan ɗumin ƙwayoyin cuta na iya ninkuwa duk minti 20 zuwa 30, so ake a saukar da ita digiri 4 cikin kamar awa 2. Rufaffen bokitin ma riƙe zafi yake. Mu nan take muke juyewa a garwar silba mu tsoma cikin baho mai ruwa da ƙanƙara muna juyawa, ta yamma kuma firji. Gidajen da ke karɓa kullum ina jaddada musu su dafa, tsabtar inji bata kashe tarin fuka na shanu ko cutar burusela mai sa saniya ɓari mutum kuma zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, wuta ce ke kashe su, digiri 63 na minti 30 ko 72 na daƙiƙa 15, wanda bashi da ma'aunin zafi ya bari ta tafasa kawai. Wata baiwar Allah cikin masu karɓa tace min ai tunda da inji kuke yi ba sai na dafa ba, nace Hajiya ki rufa min asiri ki dafa.

Ƙananan abubuwa kuma, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar tatsa kofuna faɗuwa suke, dole janareto ya kasance a kusa ko ka ƙarasa da hannu da sauri kafin ta ɗauke nonon, don haka kar kowa a gida ya manta tatsar hannu. Tayoyin na banza ne, ƙanana, a siminti kawai suke tafiya, cikin laka sai dai a ɗauka. Bokitin in ya cika ya haura kilo 25, maiɗakina bata iya ɗaga shi ita kaɗai shi yasa muke juyewa tun yana rabi. Famfon na shan mai kaɗan-kaɗan sai ana dubawa. Moton dai har yau bai taɓa bamu matsala ba, ƙarfen bokitin ma mai kyau ne ko tabo babu.

Ya ƙara yawan madara? A'a, kuma duk wanda yace maka inji na ƙara madara so yake ya sayar. Madara daga abinci da ruwa da irin saniyar take, kusan kashi 87 cikin 100 nata ma ruwa ne, saniyar da bata sha ta ƙoshi ba babu injin da zai tatso abinda babu. Tana haihuwa nonon ya hau ya kai ƙololuwa a sati na 4 zuwa na 8 sannan ya riƙa sauka a hankali, saura wata 2 ta sake haihuwa a daina tatsarta ta huta, kwanakin farko bayan haihuwa kuma dakashi ne na maraƙi ba na sayarwa ba. Shi yasa ƙaramar gona irin tamu wani watan madara ta yi yawa wani watan mu riƙa ba masu karɓa haƙuri, inji bai canza wannan ba ko kaɗan. Ku duba Indiya, ita ce kan gaba a duniya wajen madara, sama da kashi 20 cikin 100 na ta duniya daga can take, kuma mafi yawanta daga gidaje masu shanu ko ɓauna biyu uku ne da ake tatsa da hannu, abinda ya ɗaga su ƙungiyoyin haɗin kai ne irin Amul da aka kafa a 1946, masu karɓar madara safe da yamma a auna maiƙonta a sanyaya ta da wuri. Ni a ganina mai shanu 2 ko 3 da hannunsa lafiya ya bar maganar inji, wankin kaɗai ya fi tatsar tsawo, ya sa ƙarfinsa a abin sanyaya madara da abincin shanu. Daga 6 zuwa sama, ko in mai tatsar ya manyanta ko hannu ya fara ciwo kamar namu, to ya cancanta, da sharaɗin akwai ruwa wadatacce da hanyar dafa shi sau biyu a rana da kuma mutum ɗaya da zai ɗauki wankin a matsayin aikinsa, a gidanmu ƙanina ne.

Inna har yanzu bata taɓa maƙala kofunan da kanta ba kuma bana matsa mata, ita ke wanke hantsa, ita ke duba baƙin kofi, ita ke cewa cire ta gama tun kafin ni in lura madarar ta ragu a tiyo, kuma bata taɓa kuskure ba. Yatsun sun yi sauƙi sosai, da asuba bana ganin tana murza su kamar da. Akwai karsanarmu da zata haihu wata mai zuwa in Allah ya yarda, haihuwar fari, tun yanzu mun fara shigo da ita layi tana tsayawa kusa da uwarta ana tatsa tana jin ƙarar, Inna na shafa mata hantsa, jiya ma har ta ci abincinta moto na aiki bata ɗago kai ba.